Igiya da Benci a Ɗakin Haihuwa: Nazarin Abin da Ya Faru a Gundumar Santillana ta Ƙasar Peru

A shekarar 1999, cikin kowace haihuwa 100 da aka yi a ƙauyukan da cibiyar lafiya ta San José de Secce ke kula da su, guda 6 ne kawai aka yi a cikin cibiyar, mafi yawan sauran a gida aka yi su. Zuwa shekarar 2007 adadin ya tashi zuwa 83 cikin 100. Garin San José de Secce shi ne hedikwatar gundumar Santillana, a lardin Huanta na yankin Ayacucho, can cikin tsaunukan Andis na ƙasar Peru, kuma mazauna wurin talakawan manoma ne da makiyaya masu magana da harshen Kecuwa. An wallafa rahoton wannan sauyi a mujallar Hukumar Lafiya ta Duniya a 2009, kuma tun daga lokacin masu koyar da ungozomomi da ma'aikatan jinya ke yawan kawo shi misali idan ana batun yi wa al'umma aiki bisa fahimtar al'adarta. Lamarin ya cancanci a duba shi a tsanake, domin abin da aka sauya a ɗakin haihuwar yana da sauƙin bayyanawa, amma dalilin da ya sa ya yi tasiri, da iyakar abin da alƙaluman ke iya tabbatarwa, suna buƙatar dogon tunani.

Yanayin da aka tarar

Santillana wuri ne mai tudu, garuruwansa da dama sun haura mita 3,000 daga doron teku, sanyi yana da tsanani da dare, ƙauyukan kuma a warwatse suke a kan duwatsu da cikin kwaruruka, ta yadda mai ciki kan yi tafiyar sa'o'i a ƙafa kafin ta isa wurin ma'aikacin lafiya. A ƙasar baki ɗaya, binciken lafiyar iyali na gwamnati ya ƙiyasta mutuwar mata 265 cikin kowace haihuwa 100,000 a 1996, da 185 a shekarar 2000, kuma sanannen abu ne cewa nauyin wannan mutuwa ya fi faɗawa kan matan karkara 'yan asalin ƙasar, ba kan matan birnin Lima ba.

Sai dai nisa da talauci ba su isa su bayyana kashi 6 cikin 100 ba, dole a haɗa da tarihi. A yankin Ayacucho ne ƙungiyar 'yan tawaye ta Sendero Luminoso ta fara kai hari a watan Mayu na 1980, yaƙin da ya biyo baya kuma ya ɗauki kusan shekara 20. Hukumar Gaskiya da Sasantawa ta Peru, a rahotonta na 2003, ta ƙiyasta cewa mutum kusan 69,000 ne aka kashe ko suka ɓace, uku daga cikin kowane huɗu masu magana ne da Kecuwa ko wani harshen 'yan asali, kuma fiye da kashi 40 cikin 100 na waɗanda aka kai rahotonsu 'yan Ayacucho ne. A ƙauyen Putis, wanda a lokacin yake cikin gundumar Santillana, sojoji sun kashe aƙalla mutum 123, maza da mata da yara, a watan Disamba na 1984. Ƙura ba ta gama lafawa ba sai ga shirin tsarin iyali na gwamnatin Alberto Fujimori, tsakanin 1996 da 2000, wanda a ƙarƙashinsa aka ɗaure wa mata sama da 270,000 bututun mahaifa, da yawa daga cikinsu ba tare da an yi musu bayani a harshensu ba, wasu kuma bisa matsin lamba ko tilas. Ma'aikatan lafiya ne suka gudanar da wannan aiki, a cibiyoyin lafiya na gwamnati. Saboda haka matar da aka ce ta zo cibiya ta haihu a 1999, ana kiran ta ne zuwa gidan hukumar da ta san abin da aka yi wa mata irinta a cikinsa, wanda maciji ya sara kuwa, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

Abin da mata suka ce yana hana su zuwa

Ƙungiyar agaji ta Health Unlimited, tare da abokiyar aikinta ta cikin gida Salud Sin Límites Perú, su ne suka jagoranci aikin tsakanin 1999 da 2001. Matakin farko da suka ɗauka shi ne tambaya da sauraro: sun tattauna da mata da mazajensu, da ungozomomin gargajiya, da kuma ma'aikatan cibiyar, domin a ji daga bakin kowa yadda haihuwa mai kyau take a wurinsa. Amsoshin da aka samu ba su nuna ƙyamar magani ba, kusan dukkansu ƙorafi ne kan yadda ake karɓar mace a ɗakin haihuwa.

A gida, macen Andis takan haihu a tsaye, ko a tsugune, ko a durƙushe, tana riƙe da igiyar da aka ɗaura a rufin ɗaki, mijinta yana bayanta ya tallabe ta ta ƙarƙashin hammata, tana sanye da siket ɗinta masu kauri waɗanda ke rufe mata jiki, ɗakin a rufe yake da ɗumi, ana ba ta abin sha mai zafi. A fahimtarsu ta lafiya, jikin mai haihuwa a buɗe yake, sanyi da iska na iya shigarsa su jawo cuta ko su tsayar da naƙuda, don haka kare ta daga sanyi wajibi ne. Mabiyiya kuma ba shara ba ce a wurinsu, iyali ne ke karɓar ta su binne ta yadda suka gada.

A cibiya kuwa, kusan kowane ɗaya daga cikin waɗannan sai an saɓa masa. Ana tuɓe mata kayanta a ba ta rigar asibiti mara kauri, a kwantar da ita rigingine a kan gadon ƙarfe a ɗage mata ƙafafu, a fitar da mijinta da mahaifiyarta waje, a yi mata magana da Sifaniyanci wanda ba ta ji sosai ko ba ta ji sam, hannun baƙo ya riƙa duba ta a ɗaki mai sanyi, a ƙarshe a zubar da mabiyiyar. Idan ta yi gardama, sai a ɗauke ta jahila mai taurin kai. Mai duba wannan jeri da idon ungozoma zai lura da wani abu muhimmi: babu ko ɗaya a cikinsa da yake ceton rai. Rigar asibiti ba ta tsayar da zubar jini, korar miji ba ta hana jijjiga, kwanciya rigingine kuma ta samu gindin zama ne saboda tana sauƙaƙa wa mai karɓar haihuwa gani da aiki da hannu. Abubuwan da ke ceton rai, wato tsabtar hannu da kayan aiki, da lura da bugun zuciyar jariri, da awon jinin uwa, da allurar da ke sa mahaifa ta tsuke bayan haihuwa, da gane haɗari da wuri a tura mace babban asibiti, an cakuɗa su da sabon ma'aikata har ya zama mace ba za ta samu na farkon ba sai ta haɗiye na biyun. A ganina nan ne zuciyar lamarin take.

Abin da aka sauya

An sake tsara ɗakin haihuwa da shawarar mutanen gari da ta ma'aikata. An rataya igiya, an ajiye benci inda miji ko wani ɗan uwa zai zauna ya riƙe mai naƙuda. An ba ta damar zaɓar yadda za ta haihu, an bar ta da kayan jikinta, an buɗe ƙofa ga iyalinta da ungozomar gargajiyar da ta amince da ita, an sa harshen Kecuwa ya zama harshen ɗakin, mabiyiya kuma ana miƙa ta ga iyali. Ƙwararriyar ungozoma ko wani ma'aikacin lafiya mai horo shi ne ke karɓar haihuwar, da safar hannu da kayan aiki masu tsabta da magunguna a kusa.

Faɗin wannan ya fi yin sa sauƙi, domin nauyin sauyin ya fi sauka a kan ma'aikata. Ungozoma a Peru takan yi shekara 5 a jami'a, kuma abin da aka saba koya mata shi ne karɓar haihuwa tana tsaye a gaban mace kwance, fitila na haska mata wurin aiki. Yanzu sai ta durƙusa a ƙasa a gaban mai naƙuda ko a bayanta, ta yi aiki da hannu a ƙarƙashin tufa inda ido ba ya gani sosai, ta koyi tare kan jariri kada ya fito da ƙarfi ya yaga uwa, ta shirya shimfiɗa mai tsabta a ƙasa, ta san yadda za ta ƙiyasta jinin da ya zuba alhali siket masu kauri na iya shanye shi su ɓoye shi. Wannan ƙwarewa ce sabuwa da sai an koye ta, wani ɓangarenta ma daga tsofaffin ungozomomin ƙauye waɗanda a da ake hana su tsallake ƙofar cibiya. Akwai kuma abin da ya fi ƙwarewar hannu wuya, wato yarda da cewa ma'aikaciya mai takardar jami'a za ta ƙasƙantar da jikinta ƙasa da na macen da ba ta taɓa shiga aji ba, a ƙasar da bambancin launi da harshe da matsayi ya daɗe yana raba mutane.

Matsayin ungozomar gargajiya ya cancanci a ɗan tsaya a kansa. A ƙasashe da yawa an gwada hanya biyu, kowacce da cikas ɗinta: ko a ba ta ɗan horo a bar ta ita kaɗai da haihuwar gida, inda ba ta da abin yi idan jini ya ɓalle, ko a haramta mata aikin gaba ɗaya, sai ta koma yin sa a ɓoye ta kuma zama mai hana mata zuwa asibiti. A Santillana an bi hanya ta uku, aka mai da ita abokiyar tafiya wadda ke rako mai ciki, ta zauna da ita, ta shafa mata baya, ta fassara mata abin da ake shirin yi. Macen da ta fi kowa faɗa a ji a kan haihuwa a ƙauye ta koma tana da dalilin kawo mata cibiya, tunda zuwan ba ya rage mata daraja.

Shin an sadaukar da ilimi ne don a faranta wa al'ada rai?

Wannan ita ce tambayar da ma'aikata masu shakka suka fi yi, kuma tambaya ce mai ma'ana. Amsar ita ce yawancin abin da matan suka nema bai saɓa wa ilimin haihuwa ba. Idan mai tsohon ciki ta kwanta rigingine, nauyin mahaifa yana danne manyan jijiyoyin jini da ke bayanta, sai jinin da ke komawa zuciya da wanda ke zuwa wa jariri su ragu. A tsaye ko a tsugune wannan dannewa tana raguwa, nauyin jariri yana taimaka wa saukowarsa, tsugunno kuma yana ɗan buɗe mafitar ƙashin ƙugu. Binciken da aka tattara daga asibitoci daban-daban ya nuna cewa haihuwa a tsaye tana rage buƙatar yi wa mace ƙari da buƙatar jawo jariri da kayan aiki, ko da yake ya kuma nuna yiwuwar ƙaruwar jinin da ke zuba. Wannan na ƙarshen bai kamata a ɓoye shi ba, domin zubar jini bayan haihuwa shi ne kan gaba wajen kashe masu jego a duniya, kuma shi ne dalilin da ya sa igiya da benci ba su da amfani idan babu allurar oksitosin mai sa mahaifa ta tsuke, da ƙarin ruwa, da idon ma'aikaciya mai lura.

A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawarwarinta kan kula da mai naƙuda, kuma mai karanta su zai ga kamar buƙatun matan Santillana aka rubuta. Ta ce a bar kowace mace da abokin zama wanda ta zaɓa tun daga naƙuda har haihuwa, a bar ta ta zaɓi yanayin da za ta haihu har da tsayuwa, a bar wadda ba ta cikin haɗari ta ci ta sha, a daina aske gaban mace da ɗura mata ruwan wankin ciki a matsayin ƙa'ida, a daina yi wa kowa ƙari ba tare da dalili ba. Ashe abin da aka kira jahilci a 1999 ya dace da ƙa'idar duniya.

Duk da haka, ba kowace al'ada ce za a buɗe mata ƙofa ba, kuma nan ne hukuncin ungozoma ke aiki. Abin sha mai ɗumi ba ya cutarwa, amma akwai tsirran da ke tsananta naƙuda, don haka dole ta san abin da ke cikin kofin. Shafa ciki a hankali daban yake da danna saman mahaifa da ƙarfi don a turo jariri, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta hana, ko wane ne mai yin sa, ɗan uwa ko ma'aikaci. Cibiyar jariri kuma da tsabtataccen abu za a yanke ta, ko mene ne aka saba. Tambaya guda ce ake yi wa al'adar gida da al'adar asibiti: wannan abu yana taimako, ko ba ya komai, ko yana cutarwa? Abin da ya bambanta Santillana shi ne an yarda a yi wa al'adar asibitin ita ma wannan tambaya.

Yadda ya kamata a karanta alƙaluman

Tashi daga 6 zuwa 83 cikin 100 abu ne babba, matan da aka tambaya kuma sun nuna gamsuwa sosai, amma mai nazari ba zai jingina dukkan tashin ga sabon ɗakin ba. Alƙaluman na cibiya guda ne, kuma a cikin waɗannan shekaru wasu abubuwa da yawa sun sauya a Peru. Yaƙi ya lafa, mutane suna komawa garuruwansu. Gwamnati ta kawo inshorar lafiyar uwa da yaro a ƙarshen shekarun 1990, sannan ta faɗaɗa ta zuwa inshorar lafiya ta talakawa a farkon shekarun 2000, wadda ta ɗauke kuɗin awon ciki da haihuwa. A 2005 aka ƙaddamar da shirin Juntos a garin Chuschi na Ayacucho, wanda ya riƙa ba iyalai matalauta sol 100 (kuɗin Peru) a wata bisa sharaɗin zuwa awo da kai yara cibiya da makaranta. An kuma yawaita gidajen jiran haihuwa, inda mai ciki daga nesa ke zama kusa da cibiya a makonnin ƙarshe. Akwai ma ɓangare mara daɗi, domin ƙungiyar Amnesty International ta ba da rahoton cewa a wasu cibiyoyin karkara na ƙasar ana cin tarar matan da suka haihu a gida, ko a riƙe musu takardar shaidar haihuwa, abin da doka ba ta yarda da shi ba. Duk waɗannan suna tura mata cibiya, wasu da lallashi wasu da tsoro, kuma haihuwar asibiti ta ƙaru a karkarar Peru gaba ɗaya a wannan zamani.

Haka nan, adadin masu haihuwa a cibiya ba shi ne adadin rayukan da aka ceta ba. A gunduma mai ƙarancin jama'a, mutuwar mai jego ba ta faruwa da yawan da za a iya auna raguwarta cikin 'yan shekaru. Binciken ƙasa na 2010 ya nuna adadin ya sauko zuwa 93 cikin 100,000, amma wannan sakamakon ayyuka ne masu yawa a faɗin ƙasar. Abin da Santillana ta tabbatar ya fi wannan ƙanƙanta, ko da yake yana da nauyi: matan da ba su yi boko ba, waɗanda aka daɗe ana cewa al'ada ce ta ɗaure su a gida, sun zo da ƙafarsu da aka gyara yadda ake karɓar su, kuma tsarin ya ci gaba da aiki shekaru bayan wa'adin aikin ƙungiyar agajin ya ƙare a 2001. Masu rahoton da kansu sun ce sakamakon ya ƙaryata ɗabi'ar ɗora wa mata laifi da sunan jahilci ko son al'ada.

Daga cibiya guda zuwa ƙa'idar ƙasa

A 2005 Ma'aikatar Lafiya ta Peru ta fitar da ƙa'ida ta ƙasa kan karɓar haihuwa a tsaye bisa la'akari da al'ada, wadda ta bayyana yanayi daban-daban da mace za ta iya zaɓa, da suka haɗa da tsugunno da durƙuso da zama da riƙe igiya, ta kuma fayyace halayen da ba a yarda a yi hakan ba saboda haɗari. An sabunta ta a 2016. Ba Santillana kaɗai ta haifar da ita ba, domin an yi gwaje-gwaje makamantan wannan a wasu yankunan tsaunuka, amma tana cikin misalan da aka fi rubutawa a kansu.

Sai dai ƙa'ida a takarda tana iya yaɗa igiya da benci ba tare da ta yaɗa abin da ya sa suka yi aiki ba. Igiya ana saye a rataya cikin yini guda, amma zaman sauraron da aka yi da mutanen gari kafin a rataya ta ba ya zuwa cikin kwalin kayan aiki, kuma abin da ya dace da Kecuwa na tsaunuka ba lallai ya dace da al'ummomin dajin Amazon na ƙasar ba, waɗanda harsunansu da al'adun haihuwarsu daban suke. Ga kuma matsalar ma'aikata. A Peru, likitoci da ungozomomi da ma'aikatan jinya da suka gama karatu sukan yi hidimar shekara guda a karkara kafin su samu aikin gwamnati, don haka ƙananan cibiyoyi da dama suna dogara ne da matasan da suka zo daga birni, da yawansu ba sa jin Kecuwa, kuma da sun fara sabawa da mutane sai wa'adinsu ya cika su tafi. Kowane sabon zuwa sai an sake koya masa durƙusawa. Muddin makarantun horar da ungozomomi ba su sa karɓar haihuwa a tsaye da harshen masu haihuwa cikin darasinsu na yau da kullum ba, tsarin zai ci gaba da rataya a wuyan ɗaiɗaikun ma'aikata masu kishi.

Sannan akwai macen da naƙudarta ta yi tsawo, ko jininta ya hau, ko mabiyiya ta ƙi fita, wadda dole a ɗauke ta daga ɗakin mai ɗumi a bi da ita hanyar dutse zuwa asibitin Huanta ko na birnin Ayacucho inda ake tiyata da ƙarin jini. A wannan lokaci ne amanar da aka gina take biyan kuɗinta, domin iyalin da aka bari suka zauna a ɗaki, aka yi musu bayani da harshensu tun farkon naƙuda, sun fi saurin yarda a tafi da 'yarsu fiye da iyalin da aka bari a waje suna jiyo kukanta. Amma idan ta isa babban asibitin ta tarar da tsohon tsari, an tuɓe ta, an kori mijinta, babu mai jin harshenta, labarin da za ta koma da shi ƙauye zai shafi shawarar mace ta gaba da za a ce ta yarda a tura ta.